Su Wane Ne Masu Kawo Mana Labarin Garinmu?

Gabatarwa

A gidajenmu da yawa, kafin a sauke tukunyar koko da safe an riga an kunna rediyo. Mukan ji abin da ya faru a Amurka da Ingila da Gabas ta Tsakiya, har yaro ɗan aji ɗaya yana iya faɗin sunan shugaban wata ƙasa mai nisa. Amma a tambayi wannan yaro, ko ma babansa, nawa ƙaramar hukumarmu ta karɓa a watan jiya, ko don me famfon unguwa ya shekara bai kawo ruwa ba, ko wa aka ba kwangilar gyaran rufin firamare, sai a yi shiru. Labarin nesa yana zuwa mana a sauƙaƙe, na ƙofar gida kuwa sai an sami wanda ya taka ya je ya tambayo.

Wannan mai takawa shi ne muke so mu yi nazari a kansa a cikin wannan darasi. Shi ne wakilin jarida ko na rediyo wanda aikinsa ya tsaya a kan al'amuran gari: zaman kansiloli, shari'a a kotun majistare, layin marasa lafiya a asibiti, kuɗin rumfa a kasuwa, rabon takin zamani, albashin malamai. Muna da tambayoyi uku. Daga ina irin waɗannan mutane suke fitowa? Yaya aikinsu yake? Me kuma ɗalibin da yake sha'awar wannan hanya zai fara yi tun yana makaranta?

Inda Abin Ya Faro

Jarida ta farko a ƙasar da ake kira Nijeriya yanzu jaridar gari ce. A shekarar 1859 wani ɗan mishan na CMS mai suna Henry Townsend ya fara buga Iwe Irohin a Abeokuta, da harshen Yarabanci. Tana fitowa sau ɗaya a mako biyu, ana sayar da ita wuri 120. A cikinta akwai labarin ikkilisiya, da na ciniki, da abubuwan da suke faruwa a Abeokuta da kewaye. Townsend bai yi makarantar koyon aikin jarida ba. Mai wa'azi ne kuma malami, masu taimakonsa kuwa samari ne da ya koya wa aikin ɗab'i. Nufinsa shi ne mutane su saba da karatu, su riƙa neman sanin abin da ake ciki ta wurin karatun. Jaridar ta tsaya a 1867, sa'ad da rikici ya sa aka kori Turawan mishan daga garin.

A nan Arewa, jaridar da ta shiga zuciyar jama'a ita ce Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a watan Janairu na 1939, ana sayar da ita kwabo ɗaya. Daga baya, a shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta riƙa buga ƙananan jaridu domin larduna: Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato, Bazazzaga ta Zariya, Zumunta ta Bauchi, Gamzaki ta Filato, da sauransu. Mu lura da wannan da kyau. Tun kafin samun 'yancin kai an gane cewa wanda ya koyi karatu yana da girma ba abin da zai fi riƙe shi kamar ya ga sunan garinsu a takarda.

Ƙofofin da Suka Shigo Ta Ciki

Idan muka duba tarihin mutanen da suka yi wannan aiki, za mu ga ba ta ƙofa ɗaya suka shigo ba. Bari mu duba ƙofofi biyar.

1. Ƙofar aji. Alhaji Abubakar Imam, editan farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo, malamin makaranta ne. An haife shi a Kagara a 1911, ya yi karatu a Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, ya kuma koyar a Midil ta Katsina. A gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933 ne ya rubuta Ruwan Bagaja, abin da ya sa Dokta Rupert East ya gane irin baiwarsa, ya jawo shi Zariya inda ya rubuta Magana Jari Ce. Sa'ad da aka kafa jaridar sai aka ɗora shi a kan kujerar edita, ya riƙe ta wajen shekara 12. Me aji ya ba shi? Ya ba shi iya bayyana abu mai wuya da kalmomi masu sauƙi, da haƙurin maimaita bayani har mai sauraro ya gane. A zamaninsa shafin wasiƙu ya zama kamar dandali. Malamai da ma'aikatan En'e da 'yan kasuwa daga larduna suna rubuto kukansu da shawararsu, edita yana ba da amsa. A 1943 yana cikin 'yan jaridar Afirka ta Yamma da suka ziyarci Ingila, tafiyar da ya ba da labarinta a cikin Tafiya Mabuɗin Ilmi. Can wajen ƙarshen aikinsa ya zama kwamishinan sauraron koke-koken jama'a a Kaduna, wato ya koma ga irin aikin da ya fara a shafin wasiƙu. Ya rasu a 1981.

2. Ƙofar wasiƙa. Waɗansu ba a ɗauke su aiki a ofishin jarida ba tun farko. Abin da suka gani a garinsu ne ya dame su, suka ɗauki alƙalami. Malam Sa'adu Zungur na Bauchi misali ne. Ya yi karatu a Babbar Kwalejin Yaba a Legas, ya koyar da ma'aikatan kiwon lafiya, sa'an nan ya riƙa aika rubuce-rubuce zuwa jaridu, har da West African Pilot ta Dokta Nnamdi Azikiwe, a kan yadda ake gudanar da mulkin En'e. Har yau masu shigowa ta wannan ƙofa suna da yawa: ma'aikacin asibiti, ko malamin gona, ko akawun kotu, wanda ya fara da aika wa gidan rediyo rahoto jefi-jefi, a hankali ya zama wakilinsu na yankin.

3. Ƙofar maɗaba'a. Alhaji Babatunde Jose ya shiga kamfanin Daily Times a Legas a 1941 yana ɗan shekara 16, a matsayin mai koyon aiki a sashen ɗab'i. Daga nan ya koma ɗauko labari, ya bi matakai ɗaya bayan ɗaya, har ya zama editan jaridar a 1957, daga baya kuma shugaban kamfanin duka. Bai shiga da digiri ba. Ya shiga da son aiki da kunnen sauraron na gaba da shi. Da yawa daga cikin tsofaffin 'yan jarida haka suka taso: mai duba kuskuren rubutu, mai buga tafireta, mai fassara labari daga Turanci zuwa Hausa, har ranar da aka rasa wanda za a aika kotu aka ce da shi ya je ya gwada.

4. Ƙofar jami'a, amma ta wani fanni. Malam Adamu Ciroma, haifaffen Potiskum a 1934, tarihi ya karanta a Jami'ar Ibadan, ya yi aikin gwamnati, sa'an nan ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya riƙe editan New Nigerian, jaridar da ta fara fitowa a Kaduna ranar 1 ga Janairu, 1966. Daga baya ya zama gwamnan Babban Bankin Nijeriya a 1975. Hajiya Bilkisu Yusuf kuwa kimiyyar siyasa ta karanta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta ƙaro ilimi a Amurka. Ta zama editar Sunday Triumph a Kano, sa'an nan editar New Nigerian, sa'an nan ta mujallar Citizen, a lokacin da mata a ɗakin labarai na Arewa ba su taka kara sun karya ba. Ta rasu a turmutsitsin Mina a 2015. 'Yan'uwanmu 'yan mata su riƙe sunanta, gama akwai ƙofofin da namiji ba ya iya shiga a garuruwanmu, kamar ɗakin haihuwa da cikin gidajen aure, alhali kuwa a can ne rabin labarin gari yake.

5. Ƙofar makarantar aikin jarida. Wannan ita ce ƙofar da ta fi faɗi a zamaninmu. Jami'ar Nijeriya ta Nsukka ta fara koyar da aikin jarida a 1961, Jami'ar Legas ta biyo baya, haka kuma Jami'ar Bayero ta Kano. Akwai Cibiyar Koyon Aikin Jarida ta Nijeriya a Legas, da Kwalejin Talabijin ta NTA a Jos, ga kuma kwalejojin fasaha da dama masu ba da difloma. A waɗannan wurare ana koyon rubuta labari, da dokokin da suka shafi ɓata suna, da ɗaukar hoto da murya, da ladubban sana'ar.

To, me ya haɗa mutanen waɗannan ƙofofi biyar? Ba takardar shaida ɗaya suka riƙe ba, ba kuma addini ɗaya ko ƙabila ɗaya ba. Abin da muka gani a wurinsu duka shi ne sun san mutanen da suke rubutu dominsu, sun iya harshen da suke aiki da shi sosai, kuma tambaya ba ta ba su kunya. Makaranta tana iya wasa wuƙa, amma sai da ƙarfen tukuna.

Yadda Ranar Wakili Take

Mutane da yawa suna tsammani ɗan jarida yana zaune ne a ofis mai sanyi labari yana zuwa ya same shi. Wakilin gari da ƙafa yake aiki. Yana da wuraren da yake zagawa kusan kullum: ofishin 'yan sanda, kotu, babban asibiti, sakatariyar ƙaramar hukuma, fada, kasuwa, tashar mota. A kowane wuri yana da wanda ya saba da shi. Sau da yawa ba shugaban wurin ne yake fara ba shi haske ba. Masinja ne, ko nas mai aikin dare, ko sarkin tasha, ko mai shayin bakin sakatariya. Saboda haka wakilin da yake raina ƙananan mutane ya toshe wa kansa rijiya.

Bari mu ɗauki misali domin mu ga yadda ake bin labari. A ce a wani ƙauye an kafa allo mai cewa an haƙa rijiyar burtsatse, amma mata suna tafiya rafi har yanzu. Wakili nagari ba zai tsaya a kan abin da aka gaya masa a majalisar shayi ba. Da fari zai je ƙauyen ya gani da idonsa, ya taɓa famfon ya ga ko yana kawo ruwa. Zai kwafe abin da aka rubuta a allon: sunan aikin, hukumar da ta bayar, ɗan kwangila, da shekara. Zai yi magana da dagaci, da matan da suke ɗebo ruwan, da kansilan mazaɓar. Sa'an nan zai je sashen ayyuka na ƙaramar hukuma ya tambaya ko an biya kuɗin duka ko rabi. A ƙarshe zai nemi ɗan kwangilar ya ji ta bakinsa, gama mai yiwuwa ne an biya shi bai yi ba, mai yiwuwa kuma ya yi rabi aka hana shi sauran kuɗinsa. Sai ya haɗa waɗannan duka kafin ya rubuta layi ɗaya. Abin da ya rubuta kuma dole ya amsa tambayoyi shida da ake koya wa kowane sabon shiga: wa, me, ina, yaushe, don me, da yaya.

Doka ta ba shi abin dogara. Sashe na 22 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa kafofin labarai nauyin sa ido domin gwamnati ta riƙa ba da lissafin aikinta ga jama'a. Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda aka sa wa hannu a watan Mayu na 2011, ta ba kowane mutum, ɗan jarida ko manomi, ikon rubuta wa hukumar gwamnati takarda ya nemi bayani, hukumar kuma ta amsa cikin kwana 7. Ba kullum ake amsawa ba. Amma takardar da aka aika aka ƙi amsawa ita ma labari ce.

A Arewa, yawancin wannan aiki ta rediyo yake kaiwa ga jama'a, domin ko wanda bai yi karatu ba yana da kunne. Gidan rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962. A 1992 aka ba masu zaman kansu izinin kafa gidajen rediyo da talabijin. A Kano, Freedom Radio ta buɗe a 2003, shirinta na Inda Ranka kuma ya yi suna wajen kawo koke-koken unguwanni da Hausar da kowa yake ji. Yanzu wayar hannu ta ƙara sauƙaƙa abin. Wakili ɗaya yana iya ɗaukar murya da hoto, ya rubuta labari, ya aika ta intanet daga bakin rafin nan da muka ambata.

Wahalar Aikin da Jarabarsa

Ba za mu yi wa ƙannenmu adalci ba idan muka nuna musu zumar muka ɓoye harbin.

Na farko, akwai talauci. Wakilai da yawa na ƙananan garuruwa ba su da albashi na wata-wata, ana biyansu ne bisa ga labarin da aka yi amfani da shi. Waɗansu masu albashin ma sukan yi watanni ba a biya su ba. Daga nan ne jaraba take shigowa. A ƙarshen taron manema labarai sai a miƙa ambulan, a ce na goro ne ko kuɗin mota. Wanda bai ci abincin rana ba, ga kuɗin makarantar yara yana jiransa, ba ƙaramin ƙarfin hali yake bukata ba kafin ya ce a'a. Amma Hausawa sun ce bakin da ya ci shi ne yake godiya. Ranar da ya kamata ya rubuta cewa rijiyar ba ta kawo ruwa, sai ya tarar alƙalaminsa ya yi nauyi. Ƙa'idodin sana'ar, waɗanda Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Nijeriya, wato NUJ, da aka kafa a 1955, take cikin masu riƙe da su, sun hana karɓar irin wannan kyauta domin a buga labari ko a danne shi.

Na biyu, akwai kusanci. Wanda yake rubutu a kan shugaban ƙasa daga nesa ba zai gamu da shi a kasuwa ba. Wakilin gari kuwa ciyaman ɗin da ya rubuta labari a kansa wataƙila surukin yayansa ne, ko suna salla a masallaci ɗaya, ko suna sujada a majami'a ɗaya. Kafin dare ya yi an aiko dattawa su yi masa magana. Wannan matsi ba a ganinsa a takarda, amma ya kashe labarai fiye da yadda kurkuku ya kashe.

Na uku, akwai haɗari na zahiri. Misalin da aka fi tunawa da shi a tarihin jaridun Nijeriya a kan labarin gari ne, labarin da ya shafi malaman makaranta ma. A ranar 30 ga Yuli, 1973, jaridar Nigerian Observer ta buga rahoton wakilinta na Fatakwal, Minere Amakiri, a kan koke-koken malaman Jihar Ribas. Ranar ta zo daidai da ranar haihuwar gwamnan soja na jihar. Sai dogarin gwamnan ya sa aka kama shi, aka aske masa kai, aka yi masa bulala 24, aka tsare shi. Amakiri bai yi shiru ba. Ya kai ƙara kotu, lauya Gani Fawehinmi ya tsaya masa, a 1974 kotu ta ba shi gaskiya ta ce a biya shi diyyar wajen Naira 10,000. A 1984 an ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian shekara ɗaya a ƙarƙashin Dokar Soja ta 4. A nan Arewa, Bagauda Kaltho, wakilin mujallar TheNews a Kaduna, ya ɓace a 1996. An harbe Zakariya Isa na NTA a Maiduguri a watan Oktoba na 2011. An kuma kashe Enenche Akogwu na gidan talabijin na Channels a Kano ranar 20 ga Janairu, 2012, yana bakin aikinsa. Waɗannan ukun na ƙarshe ba manyan editoci ba ne. Wakilai ne da suke zaune a garin da suke ba da labarinsa.

Na huɗu, akwai haɗarin da wakili da kansa yake iya jawo wa gari. A wurare irin namu, inda ƙabilu da addinai suke zaune tare, jimla ɗaya da aka rubuta da gaggawa tana iya tayar da wutar da ba mai iya kashewa. Idan manomi da makiyayi sun yi faɗa a kan gona, wakili mai hankali zai faɗi abin da ya faru, da inda ya faru, da abin da hukuma ta yi. Ba zai ƙara adadin da bai tabbatar ba, ba zai kuma ɗora laifin mutum biyu a kan al'umma duka ba. Magana zarar bunu ce. A zamanin Facebook da WhatsApp, inda jita-jita take zaga gari kafin a gama sallar la'asar, wakilin da aka sani ba ya ƙarya ya zama kamar rijiyar ruwan daɗi a tsakiyar fadama.

Don Me Abin Ya Shafe Mu

Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774. Kano kaɗai tana da 44, Katsina 34, Kaduna 23, Bauchi 20, Filato 17. Amma yawancin wakilan manyan jaridu a babban birnin jiha suke zaune, kusa da gidan gwamnati da majalisar dokoki. Akwai ƙananan hukumomin da sai an yi ambaliya ko an yi kashe-kashe ake jin sunansu a labarai. Zaman kansiloli, da kasafin kuɗin shekara, da halin da ɗakin shan magani yake ciki, sukan wuce ba wanda ya rubuta.

A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu daga asusun tarayya kai tsaye. Kowace hanya kuɗin ya biyo, tambayar tana nan: idan ya iso, wa zai gaya wa talaka nawa ne, da abin da aka yi da shi? Inda ba mai tambaya, mai gaskiya a ofis ba ya samun yabo, marar gaskiya kuma ba ya jin tsoro. Wakilin gari yana taimakon dukan ɓangarorin biyu, gama ciyaman ɗin da ya yi aiki yana bukatar wanda zai shaida cewa an yi.

Wannan gurbi ba baƙo daga Legas ko Abuja ne zai cika shi ba. Sai ɗan gari, wanda ya san hanyar kowane ƙauye da damina, yake jin Hausa da harshen iyayensa da Turanci, ya kuma san wanda ake gaisarwa da fari idan an shiga fada. Irin waɗannan yara suna zaune a azuzuwanmu yau.

Abin da Ɗalibi Zai Fara Yi Tun Yanzu

Ga shawarwari kaɗan ga wanda zuciyarsa ta karkata ga wannan aiki.

Ka riƙe darasin harshe da muhimmanci, Hausa da Turanci duka. Wanda bai iya sa aya da waƙafi a wurinsu ba, edita ba zai ɓata lokaci a kansa ba. Kada ka yar da harshen gidanku, gama wata rana shi ne zai buɗe maka bakin tsohuwar da ta ga abin da ya faru.

Kada ka guji lissafi. Kasafin kuɗi da takardar kwangila da sakamakon zaɓe duka lambobi ne. Wakilin da bai iya fitar da kashi cikin ɗari ba, kowa yana iya ruɗinsa.

Ka kula da darasin tarihi da na sha'anin mulki. Ka san bambancin aikin kansila da na ɗan majalisar jiha, da na hakimi da na ciyaman, domin ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Ka sami ƙaramin littafi ka riƙa rubuta abin da ka gani, da kwanan wata, da cikakken sunan wanda ya gaya maka. Ka gwada da abubuwan makaranta: wasan ƙwallo tsakanin gidaje, gyaran ɗakin gwaje-gwaje, ziyarar tsofaffin ɗalibai. Kafin ka liƙa a allon sanarwa, ka kai wa malaminka ya duba, ka kuma tambayi kanka ko ka ji ta bakin kowa.

Idan ka yi kuskure, ka gyara a fili. Wanda yake janye maganarsa sa'ad da ya gane ba daidai ba ce, shi ake gaskatawa gobe.

Ga iyayenmu da malamanmu kuma muna da roƙo. Yaron da ya cika tambaya kada a yi saurin ce masa marar kunya. A koya masa yadda ake tambaya da ladabi, da lokacin da ya dace, amma kada a kashe masa tambayar. Mu da muke sauraro kuma muna da namu rabon. Idan wakili ya faɗi gaskiyar da ta taɓa namu, kada mu zama na farko wajen aika masa dattawa.

Tambayoyi Domin Tattaunawa a Aji

1. Cikin ƙofofi biyar da muka ambata, wacce ce kake gani ta fi shirya mutum domin ɗauko labarin ƙaramar hukuma? Ka ba da dalilai biyu.

2. A misalin rijiyar burtsatse, don me ya wajaba wakili ya nemi ɗan kwangila kafin ya rubuta labarinsa?

3. A ce kai ne wakili, labarin da ka samu kuma ya shafi ɗan'uwan mahaifinka. Me za ka yi?

4. Ka rubuta sunan ciyaman na ƙaramar hukumarku da na kansilan mazaɓarku. Idan ba ka sani ba, wa za ka tambaya?

5. A lokacin hutu, ka zaɓi abu ɗaya a unguwarku ko ƙauyenku, ko famfo, ko kwalbati, ko ɗakin shan magani. Ka yi magana da mutum uku a kansa, ka rubuta labari mai kalmomi 200 wanda ya amsa tambayoyin nan shida, ka kawo wa malamin Hausa a makon farko na sabon zango.

Allah ya ba mu idon gani, da kunnen ji, da ƙarfin halin faɗin abin da muka tabbatar.